Tsakuwar da Baba Ya Ƙi Sa wa Gam

Unguwarmu, Thamesmead a London, ba ta da tashar jirgin ƙasa. Duk inda za ka, sai ka fara tsayuwar jiran bas, iskar kogi tana shiga ta wuyan rigarka tana fita ta ƙafar wando. Ni a nawa binciken, haushin wannan ne ya sa Baba ya gina tasa tashar a cikin flat ɗinmu, a ɗakin da ke jikin banɗaki.

Faffaɗan katako ne, ya fi ƙyauren ƙofa tsawo da faɗi, an ɗora shi a kan ƙafafu ya cinye ɗakin kaf. Mai son shiga sai ya shanye cikinsa ya bi jikin bango kamar ƙadangare. A kan katakon akwai dogo da ya yi zagaye, da wani reshe da ya ratse ya shiga tasha, da 'yan gidaje, da tankin ruwa, da jirgi wanda kansa bai fi tafin hannuna ba. Ina firamare aka fara aikin. Yanzu na kusa gama sakandare, amma in ka tambayi Baba yaushe za a gama, sai ya ce, "Ai mun kusa." Wannan "mun kusa" ta girmi yara da yawa a benenmu.

Baba a ɗakin gwajin jini yake aiki a asibiti. Ya wuni yana leƙen ƙananan abubuwa, ya dawo gida ya ɗora daga inda ya tsaya. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko abinci yake ci, ƙafarsa na kaɗawa har miya ta riƙa rawa a kwano. A wannan na gado shi, malamanmu shaida ne. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake ce mini, kuma rabin abin da ke kan katakon nan nawa ne. Ni na yi wa gidajen fenti. Ni na yi bishiyoyin da soson wanke-wanke. Akwai wata 'yar akuya da nake ɗorawa a kan rufin tasha tun ina ƙarama, Baba ya sauke ta ya fi sau dubu, ita kuma tana komawa da ikon Allah.

Lafiya lau muke har muka iso kan tsakuwa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya san dogo ba a kan ƙasa yake kwance ba. A kan jerin katakai yake, ko na siminti, su kuma suna nutse a cikin tsakuwa. To masu irin wasan Baba su ma suna da tasu, a leda ake sayar da ita, ƙwayarta kamar tsakin masara. Kuma hanya ɗaya kowa ke bi: a zuba, a baje da buroshi, a jiƙa, a ɗiga farin gam da aka tsinka da ruwa, a bar shi ya bushe. Shi ke nan ta zama dutse, ko kife katakon ka yi ba abin da zai faɗo. Na tabbata in akwai mai wannan wasa a duniyar wata, shi ma haka yake yi. Baba ya ce shi ba zai yi ba.

"Kin taɓa ganin an sa wa dogon gaske gam?"

"Baba, ai wannan ba na gaske ba ne."

Ya dube ni kamar na zagi danginmu kaf.

Da Asabar ta zo ya tasa ni gaba zuwa Croydon. Mutane suna zuwa Croydon da takardu a hammata da addu'a a baki saboda ofishin biza, mu kuwa kallon duwatsu ya kai mu. Muka hau tram, jirgin da ke bin titi. A cikin gari dogon a binne yake cikin kwalta, Baba ko kallonsa bai yi ba. Sai da muka fita inda tsakuwa ta fara sannan ya ce mu sauka. Ya tsaya a bakin platform, inda ake jiran jirgi, hannu a baya, ya sunkuya.

"Duba da kyau, Uwata. Akwai mai santsi a ciki, irin ta bakin rafi?"

"Babu."

"Duk fasasshiya ce, mai kaifi, don kowace ta ciji 'yar'uwarta. Cizon nan ne yake riƙe dogo. In jirgi ya hau ta ɗan ba da kai, in ya wuce ta dawo. In an yi ruwa ya bi ta tsakaninta ya tsiyaye. Ki toshe ta, ruwa ya kwanta, dogo ya lotsa. Kin ga gefen can da ta taru ta gangara? Kafaɗa ke nan. Ita ke hana dogo zamewa in rana ta gasa ƙarfe."

"Baba, a ɗakinmu ba a ruwa. Rana ma ba ta shiga."

"Ke dai ba ki girmama aiki," ya ce.

Wata tsohuwar Baturiya da ta daɗe tana kallonmu ta matso ta tambaye shi ko wani abu ne ya faɗa masa, ta kira ma'aikata. Baba ya ce a'a, duwatsu yake nuna wa 'yarsa. Matar ta ce, "Lovely," ta koma can ƙarshen platform ta tsaya.

Daga ranar gidanmu bai sake samun natsuwa ba. Baba ya ce tsakuwar gaske sai an tankaɗe an wanke kafin a zuba, don haka ya ɗauki rariyar Mama ta garin tuwo, wadda aka kawo mata tun daga Kano a naɗe cikin zani kamar jaririya. Ya ce tsakuwar cikin tasha ta fi ta waje baƙi, tunda nan jirgi ke tsayawa yana zubar da mai, don haka ya daka gawayin turaren wutarta ya barbaɗa. Ranar da Mama ta gano, ta tsaya a ƙofar ɗakin, rariya a hannu ɗaya, ledar gawayi ba komai ciki a ɗayan.

"Malam, tuwon jiya da ka ce ka ji ƙasa-ƙasa a ciki, ka san dalili?"

"Ai na wanke ta."

"Ka wanke ta. Madalla. To dogonka ka ci, sai ka zauna ka jira jirgi ya biyo."

Watanni muka yi muna zubi. Cokalin shayi ɗaya, a baje da buroshin fenti, a ƙwanƙwasa dogon da bayan cokali don ƙwayoyin da suka hau kan katakai su yi tsalle su koma gurbinsu, sannan a bi kafaɗa da yatsa a gyara gangararta. Gaskiya ta yi kyau. In ka kwantar da kumatu a kan katakon ka rufe ido ɗaya, sai ka rantse jirgi zai fito ya take ka. Amma tunda babu gam, dokokin ɗakin sun fi na ɗakin tiyata. An hana buga ƙofa. Injin shara ko ta bakin ƙofar ba ya wucewa. In na ji atishawa tafe, sai in toshe hanci in fita a karkace da gudu in sake ta a falo. Matar da ke samanmu kuwa in ta kunna injin wanki, ginin ya ɗauki rawa, kafaɗar ta zube nan da can. Ni in ji kamar in yi kuka, Baba kuwa murna.

"Kin gani? Haka na gaske yake yi. Shi ya sa suke da wani ƙaton inji mai yatsun ƙarfe, yana bin dogo yana cusa tsakuwa ƙarƙashi yana girgiza ta. Miƙo mini injinmu."

Injinmu tsinken sakace ne.

Ana cikin haka bizar Hajiya ta fito. Hajiya kakata ce, mahaifiyar Mama, za ta zo a duba mata ido ta kuma huta. Gwiwarta ba ta son nisa, ga yawan alwala, saboda haka ɗakin da ke jikin banɗaki nata ne, ba sai an yi shawara ba. Muna cin abinci Mama ta yanke hukunci.

"Katakon nan, ko dai a miƙar da shi tsaye a tura bayan wadirob, ko ya bar gidan nan. Na yi booking ɗin van ɗin Kawu, Asabar ta sama da safe."

Kawu maƙwabcinmu ne na ƙasa, ɗan zangon Kumasi, sana'arsa kwashe wa mutane tarkace a motarsa zuwa jujin council, wato hukumar unguwa.

Ƙafar Baba ta daina kaɗawa. Ban taɓa ganin haka ba.

"In aka miƙar da shi ai tsakuwar zubewa za ta yi."

"Sai ka sa mata gam, yadda masu hankali suke yi."

"Ai ba a sa wa dogo..."

"To so kake Hajiya ta kwana a ƙarƙashin tasha? Ta buɗe ido da safe ta ga surukinta, da furfura a gemu, ya tsuguna yana cewa cuku-cuku-cuku?"

"Ni ban taɓa cewa cuku-cuku ba."

"Kana cewa," ni da Mama muka faɗa tare.

Baba mutum ne da in Hajiya ta kira a waya sai ya sauka daga kujera ya durƙusa a kafet, ita tana Kano shi yana London. Ba zai iya buɗe baki ya ce a nema mata wani wuri saboda jirgin wasa ba.

Makon nan ban san me aka koyar a makaranta ba. Ina zaune a aji ina ganin gidajena da bishiyoyina a juji, tsohuwar katifar wani ta danne su. Ina dawowa na ɗauki tef ɗin ɗinkin Mama na auna duk wani gurbi a gidan da katakon zai iya zama a kwance. Ƙarƙashin gadona, ya yi masa kaɗan. Saman wadirob, tankin ruwa zai huda silin. Baranda, ruwan sama da tattabaru, kuma tattabarun unguwarmu ko bulo ka ajiye za su gwada shi. Falo kuwa, ina buɗe baki Mama ta ce, "Rufe." Na ce to a fitar da gadona a sa katakon a ɗakina, ni in koma kwana a baho. Ta ce Hajiya kuma a kaina za ta yi wanka?

Gam ne kawai ya rage. Na shiga bincike a waya ba ji ba gani, har Allah ya haɗa ni da abin da nake nema.

Ranar Lahadi Mama ta aike mu shagon masallacin Regent's Park mu sayo wa Hajiya sallaya mai taushi saboda gwiwa. A cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a hanyar dawowa, na zaro makamina. Bidiyo ne na wasu ma'aikata da rigunan ruwan lemo, suna fesa wani abu a kan tsakuwa, tana kamewa.

"Baba, kalli nan. Dogon gaske. Ma'aikatan gaske. Wannan abin da suke fesawa gam ne."

Ya karɓi wayar, ya ɗaga tabarau, ya kalla, ya mayar baya ya sake kalla.

"A ina suke fesawa?"

"A kan tsakuwa mana."

"A wane wuri, nake nufi."

Na leƙa. "Bakin gada."

"Yauwa. Bakin gada, inda ƙasa mai laushi ta haɗu da siminti. Wannan lalura ce. Mu muna da gada?"

"Sai mu gina!"

"A kan me? Muna da kogi?"

"Sai mu haƙa!"

Ya miƙo mini wayar, ya rungume sallayar, ya ce in rage murya, ba a kasuwa muke ba.

To tunda magana ba ta ci ba, na ce bari ya gani da idonsa. In na yi wa wuri ɗaya gam ya fito tsaf, ta yadda shi kansa ba zai gane ba, ai gardama ta ƙare. Ranar Talata na dawo makaranta, Baba yana wurin aiki, Mama ta tafi sayayyar tarbar Hajiya. Na tsinka gam a kofi, na ɗauko sirinjin maganin tari, na zaɓi wani lungu a bayan tasha, kusa da inda dogo ke rabuwa biyu.

Masu koyar da abin nan a bidiyo suna da surutu. Mutum ya yi ta ba ka labarin kakansa da karensa kafin ya taɓa kwalba, ni kuwa ba ni da wannan haƙurin, tsallakewa nake yi. Ashe a wurin da na tsallake ne suke cewa sai an fara fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, don tsakuwar ta jiƙu ta yarda ta sha gam.

Ɗigon farko ya sauka ya zauna a sama, ƙwal, yana kallona. Na ƙara wani. Suka haɗu suka mirgina, suka naɗe tsakuwar ta zama 'yan dunƙule-dunƙule kamar dambun da aka cika wa ruwa. Na ce wataƙila bai isa ba ne, na matse sirinjin gaba ɗaya. Sai ga kogin da Baba ya ce ba mu da shi, fari tas, ya gangara ya shige cikin 'yan ƙarafan da ke canja wa jirgi hanya. Na ruga na ɗauko na'urar busar da gashi. Ina kunnawa, duk busasshiyar tsakuwar da ke kewaye ta tashi sama. Wata ta shiga tagar tasha, wata ta shige mini hanci, na yi atishawar da na yi watanni ina riƙewa, a kan katakon.

Na gyara abin da zai gyaru da yatsa, na jawo bishiya biyu na kare wurin, na koma falo na buɗe littafi a kife.

Baba ya dawo, ya yi sallar la'asar, ya shige ɗakin kamar kullum. Na ji jirgi ya tashi, ya zagaya. Na ji ƙas, ƙas, ana danna abin canja hanya. Sai shiru.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Zo ki gaya mini, wannan ƙanzon na wace tukunya ne?"

Na shiga. Ya ɗage bishiyoyin, yana ƙwanƙwasa wurin da farce. Ba sai an yi bincike ba, gam ya bushe fari fat a hannun rigata har gwiwar hannu.

"Ni fa ceto nake yi."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗebo ruwan ɗumi da auduga, ya zauna yana jiƙa ƙarafan yana ɓanɓare gam da tsinke. Ni kuwa na kasa tsayawa na kasa zama, ina ta zuba. Na ce na gano kuskurena, sabulu ne kawai. Na ce in muka fara yau zai bushe kafin Asabar. Na ce zan yi duka ni kaɗai, shi ya rufe ido. Na ce ba wanda zai sani, ko ma'aikatan dogo ba za su zo bincike ba.

"A Gusau gidanmu a bakin dogo yake," ya ce, bai ɗago ba. "Ta kan tsakuwar nan muke yanke hanya zuwa makaranta. Tana motsi a ƙarƙashin ƙafa, tana ƙara, tun daga nesa kin san wani na tafe. In kika ɗauki ɗaya da rana, ga zafi ga warin mai." Ya nuna ƙanzona da tsinke. "Ɗauki ɗaya a nan in gani."

Na gwada. Farcena ya kusa karyewa.

"To," ya ce.

"Baba, van fa?"

"Na ji."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, kwalbar gam tana zaune ba wanda ya taɓa ta. Na tabbatar ya zaɓi juji. Na daina yi masa magana, in ban da gaisuwa da abin da ya zama dole, da kuma wasu abubuwan da na manta ina fushi na faɗa. Ranar Juma'a na tare Kawu a matakala.

"Kawu, van ɗinka ba ya lalacewa ne? Ko taya ta yi faci, irin gobe da safe haka?"

Ya yi dariya har ya dafa bango. "Yarinya, ka bar ni. Ni ina tsoron mamanka ya fi polis. In ya ce Asabar, ko van ya mutu zan ɗauka a kai na zo."

Asabar da safe kuwa sai ga shi da safar hannu, ya bar van a ƙasa. Lokacin ko Baba ya yarda da gam, ya riga ya makara. Mama ta tsaya a ƙofa da hannu a ƙugu. Ni ina zirga-zirga tsakanin falo da banɗaki, na sha ruwa ya kai kofi goma.

Kawu ya leƙa ɗakin, karon farko ke nan da ya ga abin. Ya cire hula.

"Kai! Alhaji, kai ka yi wannan? Har da tankin ruwa! Madam, wannan abu ba na juji ba ne fa."

"Kawu, shawara na kira ka ko ɗaukar kaya?"

"Kaya, madam." Ya mayar da hularsa.

Baba ya ɗauke jirgin ya naɗe a tawul. Ya cire gidajen ɗaya bayan ɗaya, da tankin, da bishiyoyi, yana miƙo mini ina jerawa a kwali. Na ɗauka tsiraicin katakon za a bai wa Kawu, a bar mu da gidaje ba gari. Da ya gama sai ya juya wurin Mama.

"A taimaka mini da tsohon zanin gado."

Ta dube shi, ta tafi ta kawo. Ya shimfiɗa shi a ƙasa, a gefen katakon ta wajen bango, ya ja kusurwoyin ya daidaita. Sannan ya kwance ƙafafun, Kawu ya tallafe gefe ɗaya, shi ɗaya, ya ce in kama tsakiya. Sai a lokacin na gane.

"Baba, tsaya! Watanni fa muka yi!"

"Kama da kyau, Uwata. Bismillah."

Da farko ba abin da ya motsa, har na fara tunanin cizon nan da yake faɗa zai riƙe ta. Muka ƙara ɗagawa. Kafaɗar waje ce ta fara tafiya, siririya, sannan ta ciki, sannan gaba ɗaya, shaaa, kamar an farke buhun shinkafa a kan faranti. Baƙar cikin tasha da farar waje suka cakuɗe a hanya. Ƙurar gawayi ta tashi, Kawu ya yi atishawa, ya ce a yi haƙuri, ba wanda ya kula shi. Ƙarar ta yi ta raguwa har ta koma ɗai-ɗai, tas, tas. Na dubi katakon. Dogo tsirara, kamar ƙashin kifi bayan an gama ci, in ban da ƙanzona da ya maƙale a lungunsa ko gezau. Na dubi Baba. Idonsa a kan zanin yake.

"Alhaji, hannuna ya gaji fa," in ji Kawu.

Muka ja shi a tsaye zuwa bayan wadirob. Ya shiga rabi ya cije. Mama ta ce, "Na faɗa." Na ce wallahi zai shiga, ko da zan kankare bango da haƙori. Kawu ya sa kafaɗa ya tura wadirob ɗin gaba kaɗan, katakon ya zame ya shige har ƙarshe.

Mama ba ta yarda nan take ba. Ta buɗe ƙofar ɗakin har bango ta rufe. Ta buɗe wadirob ta rufe. Ta sa Kawu da Baba suka shigo da gado. Sannan ta ɗauko sabuwar sallayar ta shimfiɗa ta fuskanci alƙibla, ta tsaya a kai, ta sunkuya kamar mai ruku'u don ta ga ko bayan mutum zai bugi wani abu.

"Ya zauna," ta ce.

Na yi tsallen da matar samanmu ma sai da ta ji. Kawu ya ce shi fa ba zai sauka hannu wofi ba, maƙwabta za su ce madam ta kira shi a banza, sai aka ba shi tsohuwar kujerar baranda da kwanon ƙosai.

Baba ya tattara bakin zanin ya ƙulle. Ya ɗaga ƙunshin ya tsaya da shi a tsakiyar ɗaki yana waige-waige, bai san inda zai kai shi ba.

"Ba dai kicin ɗina ba," in ji Mama, ta wuce.

Na karɓa. Ya fi yadda na zata nauyi. Na kai ɗakina na tura ƙarƙashin gado, na dawo na tarar da shi ya manna kumatu a bango, ya rufe ido ɗaya, yana leƙen bayan wadirob. Ƙafarsa ta dawo da kaɗawa.

"Hajiya har yaushe za ta zauna?" ya tambaye ni ƙasa-ƙasa.

"Mama ta ce sai ranar da ta ga dama."

"Allah ya ƙara mata lafiya," ya yi saurin cewa. Ya sake leƙen bayan wadirob. "Kin san kafaɗar nan ta wajen tasha dama ta yi tudu da yawa. Kuma gawayin ya yi yawa a reshe. In mun tashi sake zubawa, sai an fara raba baƙar da farar, ƙwaya-ƙwaya."

"Ina jin ku," in ji Mama daga kicin.